Yadda ake koya wa ɗaliban da ke gab da zamewa riƙe zuciya da jagoranci

Duk malamin da ya ɗan jima yana riƙe alli ya san yaran nan. Wanda kullum yana kujerar baya, yau ya zo gobe babu shi, abu kaɗan ya tashi da faɗa, sunansa ya riga ya zaga ofishin malamai tun kafin a gama zangon farko. Ko yarinyar da tun da aka shiga aji ba ta taɓa ɗaga hannu ba, shiru kaman ba ta nan, har sai ranar da aka ji wai ta daina zuwa. Abun da ke ci mini rai shine, in aka tashi naɗa monita ko shugaban rukuni, yaran da dama can a natse suke su ake ba, su kuma waɗannan da suka fi kowa buƙatar a ce "na yarda da kai, riƙe wannan" sai a ce su fara gyara halinsu tukuna. Toh da me za su gyara? Ni abun da shekarun koyarwa suka nuna mini shine amanar ce ke gyara yaron, shiyasa ake ba shi ita tun bai cancanta ba. Amma akwai tsari, in ka tsallake matakan farko ka ɗora masa shugabanci kai tsaye, shi da kai duk za ku sha kunya.

Mataki na farko, ka gano su da rajista

Kar ka dogara da wanda ya fi ba ka haushi, domin masu surutu ne kawai za ka gani, masu shirun su wuce ka. Wani mai bincike a jami'ar Johns Hopkins, Robert Balfanz, ya bi sawun ɗaliban aji 6 a birnin Filadelfiya na Amurka, yara 'yan shekara 11 zuwa 12, ya ga alamomi uku ne ke nuna wanda zai bar makaranta tun shekaru kafin ya bari: zuwan da bai kai kashi 80 cikin 100 ba, faɗuwa a lissafi ko darasin harshe, da kuma rahoton rashin ɗa'a. Ko ɗaya daga ciki ya isa ya sa ka sa ido.

Don haka ka ɗauko rajistar aji da sakamakon jarabawar da ta wuce, ka zauna minti 30. Duk wanda yake fashin kwana 2 a wata ka sa masa alama, domin a shekara wannan ya kai kusan kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu. Ka fitar da sunaye, sannan ka zaɓi 3 ko 4 kawai, kar ka kwashi 15 ka ce duk za ka iya. Kuma takardar nan sirrinka ce. Ranar da yaro ya ji an sa shi cikin jerin "marasa ji", ya samu suna, kuma zai yi ƙoƙarin cika shi.

Na biyu, ka zama mutum ɗayan nan

Nan zan daɗe, domin duk sauran a kansa suke tsaye. Wata masaniyar halayyar yara, Emmy Werner, ta bi yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai, ta bi su har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun taso cikin talauci da rigimar gida da iyaye masu shaye-shaye ko taɓin hankali, amma a cikin waɗannan ɗin ma kashi ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau, masu aiki da iyali da natsuwa. Ɗaya daga cikin abubuwan da ta riƙa gani a tare da su shine akwai wani babba, ko da mutum ɗaya ne, da ya riƙe su da gaske, wani lokacin kaka, wani lokacin maƙwabci, wani lokacin malamin makaranta.

Yanda za ka fara ba wahala. Minti 2 a rana, kwana 10 na makaranta a jere, ka yi hira da yaron kan duk abun da yake so banda karatu da halinsa. Banda nasiha, dan Allah banda nasiha, ya sha ta har ta ishe shi. A bakin ƙofa, ko lokacin tashi, ko kuna tafiya zuwa aji.

Akwai wani yaro da na taɓa koyarwa, ɗan shekara 14, wanda malamai biyu suka riga suka ce a kore shi. Ranar farko na tsaya kusa da shi na ce, "Wannan zanen da ke bayan littafinka kai ka yi?" Ya rufe littafin da sauri ya ce, "Malam ban yi komai ba." Kaga shi a saninsa in malami ya matso, laifi ne ya kawo shi. Kwana uku amsarsa ba ta wuce "eh Malam", "a'a Malam" ba, idonsa a ƙasa. A kwana na shida ne ya ce mini motoci yake zanawa kuma ya san sunan kowane ɓangare na inji, ya yi ta bayani har aka buga ƙararrawa bai gama ba. A kwana na tara, ban tambaye shi ba, ya ce, "Malam jiya ban yi barci ba, a gidanmu ana ta faɗa." Daga ranar na daina kallon barcin da yake yi a aji a matsayin raini.

Amma gargaɗi ɗaya mai nauyi. In ka san ba za ka ɗore ba, kar ka fara. Jean Grossman da Jean Rhodes sun duba shirin Big Brothers Big Sisters na Amurka, inda ake haɗa yaro da wani babba mai ba shi shawara, suka wallafa a 2002 cewa yaran da alaƙar ta kai shekara ko fiye su suka fi amfana, waɗanda kuma aka yanke musu kafin wata 3 sun koma baya wajen ganin ƙimar kansu. Yaron da manya suka saba yi masa alkawari suna saɓawa, in kai ma ka zo ka ja shi a jiki sati biyu ka ɓace, ka tabbatar masa da abun da dama yake zargi ne. Alkawari kaya ne, ka ɗauki wanda za ka iya kaiwa, ko da gaisuwa ce da sunansa kullum da safe.

Na uku, ka ba shi sunayen abun da yake ji

Yawancin yaran nan kalma biyu suka sani, "lafiya lau" da "raina ya ɓaci". Kunya, tsoro, kishi, jin an wulaƙanta ka, gajiya, damuwa da abun da ke gida, duk ta ƙofa ɗaya suke fitowa, wato fushi. Ruwa ba ya tsami banza, kuma in yaro bai san me ya tsamar da shi ba, wanda ke kusa shi zai sha.

A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna nuna musu fuskokin fushi da tsoro. Da mutum ya kira abun da sunansa, sai aikin wani ɗan sashe da ake kira amigdala, wanda shine kaman ƙararrawar haɗari a ƙwaƙwalwa, ya ragu. Wato faɗin "tsoro nake ji" kansa yana sassauta tsoron.

Ga yanda nake yi. Na zana layi a gefen allo daga 1 zuwa 5, 1 natsuwa, 5 kuma wuta ta kama. Da safe kowa a ajin, ba yaran nan kaɗai ba, zai nuna lambarsa da yatsu a ƙirji, ba wanda zai yi bayani. Minti ɗaya ya isa. Duk wanda na ga 4 ko 5, na san yau ba ranar da zan tsayar da shi gaban allo ba ce. Ni ma ina nuna tawa, wata rana in ce, "Yau ina 3, na gaji, amma za mu yi aiki." Sai su ga ashe babba ma yana jin abu kuma duniya ba ta tashi ba. Bayan sati biyu sai ka ƙara tambaya a keɓe, "In kana hawa daga 3 zuwa 4, a ina kake fara ji a jikinka?" Wani zai ce hannunsa ke dunƙulewa, wani kunnensa ke zafi, wata ta ce maƙogwaronta ke toshewa. Wannan alamar ita ce za ku yi aiki da ita a mataki na gaba.

Na huɗu, ku yi atisayen tsayawa tun ana zaune lafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuskuren da muka fi yi shine mu jira sai yaro ya riga ya ɗaga kujera sannan mu ce "kwantar da hankalinka", a lokacin ko jinka ba ya yi. Sashen gaban ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki ba ya gama ƙosawa sai an haura shekara 20, don haka birkin ɗan shekara 14 dama bai gama haɗuwa ba, balle wanda ya kwana cikin tashin hankali.

Akwai wani shiri a makarantun Shikago mai suna Becoming a Man da ake yi wa samari a unguwanni masu yawan rikici, kuma akwai wani wasa da suke buɗewa da shi wanda nake so ƙwarai. A haɗa yara biyu biyu, a ba ɗaya ƙaramar ƙwallo ya dunƙule a hannu, a ce wa ɗayan yana da sakan 30 ya karɓe ta. Kusan dukkansu kokawa suke kamawa, ana murɗe yatsu ana jan hannu. In lokaci ya cika sai jagoran ya tambaya, me ya hana ka ce ya ba ka kawai? Sai kuma a tambayi mai ƙwallon, da ya roƙe ka fa? Yawanci sai ya ce ai da na ba shi, ƙwallo ce kawai. Masu bincike na jami'ar Shikago da suka gwada shirin sun ga kama samarin da laifin tashin hankali ya ragu da kusan rabi a lokacin da suke cikinsa. Na gwada wasan da murfin biro a ajina, kuma shirun da ya biyo bayan tambayar ya fi duk wata lakca da na taɓa yi musu kan haƙuri.

Bayan wasan sai ku tsara abun yi, kai da yaron, gajere wanda zai iya tunawa. Misali in ya ji hannunsa ya fara dunƙulewa, ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga 4, ya sake shi a hankali yana ƙirga 6, sau uku. In bai sauka ba, akwai alama tsakaninku, ya kife littafinsa a gefen tebur, kai kuma ka gyaɗa kai, ya fita ya tsaya bakin ƙofa minti 3 ya dawo ba tare da kowa ya tambaye shi ba. Sannan ku riƙa gwadawa kaman wasan kwaikwayo, kai ka zama wanda ya taka shi a layi ko ya zagi mahaifiyarsa, shi kuma ya gwada amsa. Zai yi dariya, zai ji kunya, ba komai, ku maimaita sati bayan sati har jikinsa ya haddace.

In kuma duk da haka ya fashe, kuma zai fashe, ka rage murya, ka matsa gefensa maimakon ka tsaya masa ido cikin ido, ka ce "zo mu fita" kawai. Maganar laifi sai bayan ya huce. Yaron da ka ƙure a gaban abokansa zai gwammace a kore shi da a ga ya rusuna.

Na biyar, ka damƙa masa aiki na gaske

Yanzu ne aka zo jagorancin. Na gaske nake nufi, wanda in bai yi ba wani zai rasa wani abu, domin yara suna gane aikin da aka ƙirƙiro don a lallaɓa su. A 1984 wata ƙungiyar ilimi mai suna IDRA a San Antoniyo ta jihar Teksas ta fara wani shiri, ta ɗauki ɗaliban sakandare da ake ganin sun kusa barin makaranta, ta mai da su masu koya wa yaran firamare karatu, har da ɗan albashi. Mutane da yawa za su ce ya za a yi wanda shi kansa yake faɗuwa ya koyar? Amma ɗan shekara 15 da karatunsa ya tsaya a matakin aji 5 ya fi ƙarfin littafin aji 2, kuma garin koyarwar shi ma yana cike ramukan da ya tsallake. Sannan ga ƙananan yara suna jiransa, in bai zo ba za su tambaya. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin masu koyarwar nan suka bar makaranta.

Ka zaɓi aikin daga abun da ka gano a hirar minti biyun nan. Yaron nan mai zanen motoci, na ba shi zana hotunan darasin kimiyya a allo kafin in shigo, daga baya na haɗa shi da yara biyu 'yan ƙaramin aji yana karanta musu littafi sau biyu a sati. Mai yawan surutu da kowa ke bi, ka ba shi raba rukuni da tsare lokaci. Mai shiru, ka ba ta rajistar littattafan aro ko karɓar sabuwar ɗaliba ta zaga da ita makaranta. Yaron da yake iya tayar da aji gaba ɗaya dama jagora ne, mabiya gare shi, inda yake kai su ne matsalar.

Ka faɗa masa aikin dalla dalla, me zai yi, yaushe, kuma ya ake gane an yi daidai. Rana ta farko ku yi tare, ta biyu ya yi kana kallo, ta uku ka bar shi. Duk ƙarshen sati ku zauna minti 5, me ya tafi daidai, me ya ba ka wahala, wa ya ƙi jin maganarka kuma ya ka yi. A nan ne ake koyon shugabancin, yanda ake sa mutum abu ba da tsawa ba, yanda ake sauraro, yanda ake cewa "ni na yi kuskure".

Kuma dan Allah kar ka ƙwace aikin ranar da ya yi laifi na farko. Wannan shine inda na fi ganin malamai suna rusa abun da suka gina. In ya yi faɗa ranar Talata, a hukunta faɗan yanda dokar makaranta ta ce, amma ranar Laraba yaran da yake karanta wa littafi suna nan suna jiransa, ya je. Sai dai in laifin ya shafi amanar kanta, kaman ya daki ƙaramin da aka ba shi, toh nan dole a dakatar a sake zama.

Na shida, kar ka tara su wuri ɗaya

Gajere ne amma kar a raina shi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Thomas Dishion da Joan McCord da wani abokin aikinsu sun nuna a 1999 cewa tara matasa masu matsalar ɗabi'a a rukuni ɗaya yana iya ƙara lalata su, domin junansu suke yi wa dariya da tafi in an ba da labarin ɓarna. Don haka a rukunin mutum 6, biyu daga cikin yaranka sun isa, sauran a cakuɗa. Darasin sanin zuciya kuma a yi wa aji gaba ɗaya. In shugaban makaranta ya ce ɓata lokacin karatu ne, ka gaya masa Joseph Durlak da abokansa sun tattara shirye-shirye 213 irin wannan a 2011, ɗalibai sama da 270,000, suka ga har sakamakon karatun ma ya tashi, kaman a ce ka jera yara 100, wanda yake tsakiya ya haura mutum 11.

Na bakwai, gyara da yabo

Yabon "yaron kirki" ba ya kama jikinsu, ba su yarda da shi ba. Ka faɗi abun da idonka ya gani, "Na ga lokacin da ya ture ka, ka dunƙule hannu sannan ka sake, na gani." In za ka gyara masa aiki kuma, kar ka rage masa ma'auni don tausayi, yana ganewa kuma yana jin zafinsa. Ka ce masa, "Na cika takardar nan da jan biro ne domin na san za ka iya fin haka, sake yi ka kawo mini jibi."

In ya cuci wani, bayan ya huce ku zauna da tambayoyi huɗu: me ya faru, me kake ji a lokacin, wa abun ya taɓa, me za ka yi ka gyara. Ka bar shi ya nemo gyaran da kansa ko da zai yi shiru minti biyu, kar ka cike masa shirun.

Sai iyaye. Yawancinsu ba a taɓa kiransu daga makaranta ba sai don ƙara, shiyasa ba sa ɗaga waya. Kiranka na farko ya zama na albishir, "Baba, na kira ne in gaya muku yau ɗanku ya koya wa yara biyu karatu." Wata uwa da na kira haka ta yi shiru, sannan ta ce in maimaita sunan yaron, ko na yi kuskuren lamba ne.

Akwai kuma inda aikin ya fi ƙarfin malami. In yaro ya ambaci kashe kansa ko ji wa kansa ciwo, ko ka ga alamar ana dukansa fiye da kima ko ana lalata da shi, ko ya faɗa shaye-shaye, ranar nan ka kai maganar ga shugaban makaranta da mai ba da shawara ko ma'aikacin lafiya. Tun farko ma kar ka yi masa alkawarin rufe kowane sirri, ka ce, "Abun da ka gaya mini tsakaninmu ne, sai dai in rayuwarka ko ta wani na cikin haɗari, nan zan nemo mana taimako kuma zan gaya maka kafin in yi."

Ka ajiye ƙaramin littafi, kowane yaro shafi ɗaya, duk sati ka rubuta kwana nawa ya zo, sau nawa aka yi rigima, sau nawa ya yi amfani da alamar fita. Za ka ga wata uku ana gaba sai kwatsam a koma baya, musamman bayan dogon hutu ko in wani abu ya faru a gida, sai ka koma hirar minti biyu daga farko. Kafin shekara ta ƙare da kaman wata ɗaya, ka gaya wa yaron da bakinka cewa zai koma hannun wani malami, ka kai shi ka haɗa su, ka miƙa wa malamin shafin nan tare da aikin da yaron yake riƙe da shi da alamar da kuka saba, domin ranar farko ta sabon aji ya tarar an san shi da wani abu banda laifi.